Kitson Yaya na Ƙarshe

Yayata ce ta rene ni bayan rasuwar Inna. Atamfa take sarowa daga Ƙonni ta sayar a kasuwar Illela. Wata shekara sai ta fara ramewa, loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, gefen cikinta na hagu ya yi tauri. Ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji, sannan ta yarda na raka ta asibiti a Sakkwato.

Likita ya ce sankarar jini ce, taurin nan kuma saifarta ce ta kumbura. Ya yi mana bayani a tsanake: cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wani sinadari da suke kira kinas, shi ke ba su umarnin su hayayyafa, su ci gaba da rayuwa. Ga mai lafiya, yakan ba da umarnin ya yi shiru. Nata ya lalace, ba ya yin shiru. Fararen ƙwayoyin jininta sai yawaita suke, waɗanda lokacin mutuwarsu ya yi sun ƙi mutuwa.

"To mi za a yi mashi?" in ji Yaya.

Ya ce akwai maganin da ke toshe masa baki, muddin tana sha kullum.

Ta kuwa sha. Cikin ya sace, kumatunta suka dawo, ta koma kasuwa, ta aurar da 'yarta, har ta goya jika. Shekaru muka yi haka, ni har na daina jin tsoro.

Wata damina zazzaɓi ya kama ta ya ƙi sauka. Da muka koma, likita ya daɗe yana juya biro kafin ya ce sinadarin ya canja kama, maganin ba ya iya riƙe shi. Aka gwada wani, bai daɗe yana aiki ba. Yaya ta ce a mayar da ita gida.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ta ce, "Ƙanwata, kaina ya tsufa, zo ki yi mini kitso."

Na ɗora kanta a cinyata ina yi a hankali, tana yi mini faɗa wai hannuna ya yi sanyi. Na gama gefe ɗaya na ce ta juya. Ba ta juya ba.

Ban kira kowa ba. Na juya kan da kaina, hawaye na zuba, na ƙarasa ɗaya gefen, sannan na fita na faɗa wa mijinta.