Mai Ƙanƙara da Sabuwar Tsakuwa

A garin da ke gindin tsaunin, da wuya ka sami wanda ya san sunansa na yanka. Mai Ƙanƙara ake ce masa, saboda shuɗin akwatin da yake ɗaurewa a bayan kekensa. A cikin akwatin akwai kwalaben allurar rigakafi, an kewaye su da robobin ƙanƙara. Aikinsa shi ne ya ɗauko su daga babban asibitin gari, ya haura da su ƙaramin asibitin da ke can saman tsauni kafin ƙanƙarar ta narke. In ta narke, maganin ya mutu.

Hanyar ɗaya ce tak, ta tsakuwa, ta ratsa cikin kurmi tana lanƙwasa, dutse a hagu, rami a dama. Mota ba ta iya hawanta. An gwada babur, ya tsaya a bakin rafi, inda ruwa ya cinye gada tun da daɗewa. Keke kuwa, sai mutum ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallake. Haka aikin ya faɗo hannunsa tun yana saurayi, haka ya riƙe shi har furfura ta cinye masa gemu. Jariran da ya fara kai wa allura, su ne yanzu suke kawo nasu 'ya'yan.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta na nan a falo kusa da taga. Takan ce wa baƙi, "Gidanmu kekuna biyu ne. Nawa yana shigo da abinci, nasa yana shigo da laka." Shi kuma ya ce, "Ku rabu da ita, kishi take yi, nata bai taɓa zuwa ko'ina ba."

Ciwon idonsa ya fara ne daga gefe. Da farko sai ya riƙa cin karo da kujera, ya ɗora laifin a kan gajiya. Sannu a hankali duniya ta ƙuntace masa, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likitan ido ya duba shi, ya ce ciwon ya yi nisa, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya ba shi maganin ɗigawa. Mai Ƙanƙara ya ɓoye kwalbar cikin jakar sufanu da faci, bai gaya wa kowa ba. Ya san ranar da asibiti suka ji, ranar za su karɓe akwatin.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne kunnensa. Ashe tsawon shekarun nan hanyar tana yi masa magana, bai lura ba sai da ido ya ja baya. A hawan farko tsakuwar manya ce, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. In ya shiga ƙarƙashin dogayen bishiyoyi, ganye ya rufe ƙasa, sai ƙarar ta yi laushi. A gefen rami kuwa ruwan sama ya tara yashi mai laushi, wanda ke yin "shuuu" da zarar tayar gaba ta taɓa shi. Yana jin haka sai ya karkata hagu. A kwanar baƙin dutse ƙarar sarƙarsa ce take dawo masa, sai ya san lokacin taka birki ya yi. Da wannan ya ci gaba da hawa da sauka, ƙanƙara ba ta taɓa narke masa ba.

Sai 'yan wasan keke suka gano hanyar. Daga birni suke zuwa ƙarshen mako, da hulunan kwano da matsattsun kaya. Mutanen kirki ne, suna gaishe shi da ladabi. Wata rana ɗayansu ya kalli tsohon kekensa ya riƙe baki.

"Baba, da wannan kake hawa? Ko giya ba shi da ita!"

"Giyar tana gwiwa, ɗana. Taku ce ake saya a kanti."

Suka bushe da dariya, suka ɗauki hoto da shi. Su ne suka yi ta kai kuka har aka amince a gyara hanyar. Aka rufe ta na ɗan lokaci, gireda ta baje ta, tifofi suka zuba sabuwar tsakuwa tun daga bakin kurmi har sama, aka gina gada a rafi. Kowa ya yi murna. Shi ma ya yi, da baki.

Ranar da aka buɗe, matarsa ta raka shi bakin ƙofa. "To tsoho, yau an yi maka shimfiɗa, sai ka tashi sama." Ta gyara masa wuyan riga, hannunta ya ɗan daɗe a wurin fiye da kullum.

Tun daga bakin kurmi ya gane akwai matsala. Ƙarar iri ɗaya ce. Tsakiyar hanya da gefenta, hawa da kwana, duk murya ɗaya, ƙaras-ƙaras ba canji. An share ganyen, an binne yashin. Inuwar bishiyoyi ta ƙara rufe ɗan abin da yake gani. Ya daure ya ci gaba da taka feda, yana kasa kunne ko hanyar za ta tuna da shi. Can sai ya ji tayar gaba ta zame. Ya dire ƙafa da sauri. Tsakuwa ta gangara daga ƙarƙashin takalminsa, ya tsaya yana sauraren faɗuwarta, ta daɗe ba ta kai ƙasa ba.

Ya jima a tsaye. Ba kansa ya fara tunawa ba, akwatin ya tuna. Ya sauka, ya riƙe keken da dama, ya miƙa hannun hagu yana shafa jikin dutse, ya kama turawa. Rana ta yi ta hawa. Bai kai rabin hanya ba ya ji ɗigon ruwa mai sanyi a dugadugansa. Daga baya ɗigon ya daina sanyi.

Sai bayan azahar ya isa. Mata na zaune a kan benci da jarirai, wasu tun safe suka taso daga ƙauyukan bayan tsauni. Ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ke kira Sista, ta buɗe akwatin, ta taɓa robobin, ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba, ta mayar a hankali.

"Baba, lafiya? Taya ce ta fashe?"

Da ya ce e, da ta yarda. Ya cire hularsa ya share goshi.

"Ba taya ba ce, 'yata. Ido ne."

Yana zaune a gefe ya ji tana ba matan haƙuri, ya ji suna goya 'ya'yansu suna tafiya, wata na mita, wata na rarrashin jariri. Ɗaya ta tsaya ta ce, "Sannu Baba, Allah Ya huci gajiya." Wannan gaisuwar ta fi mitar yi masa ciwo.

Direban asibiti ne ya sauko da shi a babur, ta kan sabuwar gada. Yana shiga falo ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Ya zauna, ya gaya mata komai, yana kallon inda yake zaton fuskarta take.

"Na sani," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na canza labulen ɗaki ba ka ce uffan ba. Kai da ko maɓalli na canza sai ka yi sharhi. Kana tsammanin butarka da takalmanka da kansu suke komawa wuri ɗaya kullum?"

"To me ya hana ki magana?"

"In na yi magana dole in hana ka. In na hana ka, me zan bar maka?" Ta ajiye yadin da ke hannunta. "Amma wallahi duk ranar da ka fita, ba na iya zura zare a allura sai na ji ƙararrawarka a ƙofa."

Yanzu wani ma'aikaci ne yake kai akwatin a babur, yana isa ƙanƙara na nan da ƙarfinta. Yaran sama sun sami allurarsu. Mai Ƙanƙara ya tambaya, an tabbatar masa, ya ce alhamdulillahi. Keken yana jingine a falo, matarsa takan rataya yadin da ta gama yankawa a kansa, shi kuma har yanzu yana sa wa sarƙar mai. Sunan ma bai bar shi ba.

Ƙarshen mako yakan zauna a kan benci a ƙofar gida. 'Yan wasan keke sukan wuce a guje, wani ya ɗaga murya, "Baba mai giya a gwiwa! Yaushe za mu hau?" Sai ya yi murmushi ya ɗaga hannu, yana ɗaga wa wurin da suka riga suka bari.