Yadda Na Kai Reshen Wardin Hajiya Zuwa Zariya

Na bar gidanmu na Mandawari ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ɗauke da kular abinci. A ciki akwai rassa uku na furen wardi, an naɗe su da jiƙaƙƙiyar jarida. Marigayi Malam, mahaifinmu, shi ne ya dasa wardin a tsakar gida, yanzu kuma gindinsa ya fara ruɓewa. Na gwada dasa reshe sau shida, duk suka bushe. Mahaifiyata Hajiya Falmata ta daina zama a wajen da yamma. Shi ne aka ba ni labarin wata Malama Rabi, mai tsirar da shuka a kwalba a Zariya.

Hanya

Motarmu ta tashi daga Unguwa Uku ƙarfe bakwai saura kwata, mu huɗu a baya, kula a cinyata. Bayan Kwanar Ɗangora wani mai kaki ya tsayar da mu.

"Malam, me ke cikin kular?"

"Reshe ne, ranka ya daɗe."

"Reshen me?"

Kafin in amsa ya zura hannu, ƙaya ta amsa masa. Ya tsotsi yatsa, ya ce mu tafi.

Zariya

Ƙarfe goma na sami Malama Rabi. Ta sa na cire takalmi, na tsaya bayan gilashi. Ta yayyanka rassan guntu-guntu, kowanne da idonsa ɗaya, ta wanke su da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta dasa a kwalabe kan wani abu mai kama da kokon da ya kwana.

"Akwai homon a ciki," in ji ta. "Sinadarin da ke ba tsiro umarni. Wannan zai ce masa yi toho. In ya yi, sai in mayar da shi kan wani da zai ce masa yi saiwa."

"In ya ƙi ji fa?"

"Wasu za su ƙi. Wasu funfuna za ta cinye su. Ka dawo bayan wata huɗu."

Na ci shinkafa da wake a bakin tasha, na isa gida da la'asar da kula babu komai. Hajiya ta leƙa ciki, ta mayar da murfin. Kafin wata huɗun su cika, uwar wardin ta bushe ƙurmus.

Komawa

Na sake bin hanyar ranar wata Asabar. Cikin kwalabe ashirin, bakwai suka rayu. Malama Rabi ta riga ta mayar da su ƙasa a ƙananan kofuna, kowanne tsawon ɗan yatsa. Na jera su a kwali. Direba ya ce a sa a but, na ce sai dai mu shiga tare.

Ƙarfe uku da minti goma na ajiye kwalin a gaban Hajiya.

"Wanne ne na Malam a ciki?"

"Duk shi ne, Hajiya."

Ta daɗe tana kallonsu. Ta taɓa ganye ɗaya, ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ɗaga kai ta hango akuyarmu a tsakar gida.

"A ɗaure akuyar nan tun yanzu."

Na ɗaure ta. Allah Ya saka wa Malama Rabi da alheri, Ya jiƙan Malam.