Sistar da ta cire wa Baba safa

Kullum da safe, kafin ta ce wa kowa ina kwana, sai ta ɗaga bargo ta kama ƙafar mara lafiya. Haka take bin gadajen ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masu jinya ke ce mata Sista Mai Ƙafa. Ni dai daga kujerata nake kallonta ina mamaki. Ɗakin masu ciwon hanta ne fa, me ya haɗa hanta da yatsun ƙafa?

Baba aka yi wa aikin toshe jijiyar da ke kai wa kansar hantarsa jini. Ta saman cinyar dama aka huda aka zura siririyar roba. Likita ya ce zai yi zazzaɓi da amai da ciwon ciki, kada mu tsorata. Duk kuwa ya yi su. Da ya ce ƙafar dama tana masa sanyi, sai muka ɗauka duk cikin zazzaɓin ne. Mama ta sa masa safa, ta naɗe da tawul.

Sista ta iso gadonmu.

"Wa ya naɗe min ƙafar nan kamar jariri?"

"Sanyi yake ji, Sista," in ji Mama.

"Duka biyun?"

"Ɗaya."

"Mama, zazzaɓi ba ya zaɓen ƙafa."

Baba ya ce, "'Yata, bar min safata, ita kaɗai ke tausayina a ɗakin nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta cire safar, ta dafa wannan ƙafa, ta dafa waccan, ta fita da gudu kiran likita. Ashe jini ne ya daskare a inda aka huda. Da an ƙara jinkiri, sai an yanke ƙafar.

Har yau ban gane ba. Toshewa a hanta magani, toshewa a cinya masifa? Na tambayi yayana, shi ma ƙeya ya sosa.

Ƙarshen watan nan Sista Mai Ƙafa za ta yi ritaya. Sista, ban taɓa iya ce miki komai ba bayan gaisuwa. Ke ce wadda ba ta yi wa Mama tsawa ba, alhali har ni na san mun yi shirme. Kansar tana nan, ba mu san yadda za ta kaya ba. Amma jiya Baba da ƙafafunsa biyu ya taka har bakin titi, don kawai ya yi musu da mai gyaran rediyo. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma da za ku gaje ta, don Allah kada ku yarda da mu masu jinya in mun ce ba komai. Ƙauna muke da ita, ba sani ba. Ku duba da hannunku.