Ige Mai Kifi da Dokar Ƙasa Uku

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Ige, amma ƙaryar da aka yi mata tana nan a intanet, kowa na iya buɗewa ya kalla.

Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Lolo. Wani ɗan tsallake, daga ɓangaren Benin, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya ɗauke ta bidiyo ba da saninta ba, ya ɗora murya a kai cewa maganin ƙwari take zuba wa kifinta. Kafin kasuwa ta zagayo, bidiyon ya kai Bahindi da Kurgu. Masu saye suka watse, shi kuwa ya daina tsallakowa.

Ni na raka ta neman hakki. A ɓangarenmu aka ce mutumin ba ya ƙasarmu, hannu ba zai kai gare shi ba. A can aka ce ɓarnar a Najeriya ta auku, mu koma gida. Wani lauya a Birnin Kebbi ya ƙara mana ƙasa ta uku: kamfanin da ke riƙe da bidiyon yana wata ƙasa mai nisa, da nata dokokin.

Ige ta dube shi ta ce, "Barista, da ƙaryar za ta ƙetaro, wa ya tambaye ta takarda? Sai ni da anka cuta za a ce in zaɓi ƙasa?"

Na ba ta shawarar ta sauya sana'a. Har yau ina jin kunyar wannan magana. Ta ce, "Garba, in na tashi, na gaskata shi ke nan."

Ba ta tashi ba. Kowane kwando ta buɗe, sai ta ɓantari kifi ta ci a gaban jama'a. Rannan ta ɗauki kayanta ta tsallaka garin mutumin, ta baje a ƙofar rumfarsa, tana ci tana kiran sunansa ya fito ya nuna maganin. Bai fito ba. Sannu a hankali masu saye suka dawo, ko da yake ba duka ba. Ciwon da ya ɗauke ta daban ne, amma ta tafi babu kotun da ta wanke ta.

Da tana raye yau, da ta ga waya a hannun kowa, tambayar kuma tana nan: mu da ke cin kasuwa ɗaya, muna auratayya, wace doka ce ke kare mutuncinmu? Ban yarda cewa rashin amsa ƙaddara ce ba. Mutane ne ke rubuta doka, su zauna su rubuta.

Bara an yi wa wata mai man gyaɗa irin wannan ƙazafi. Mijinta ya ce ta zauna gida har ƙura ta lafa. Ta aza tulunta a ka, ta ce masa, "Ige ba ta zauna ba."