Kumfa a Kwalbar Awo

Shekarar da aka dawo da shari'a aka raba mana layi a ɗakin gwaji na asibiti, maza ta ƙofar gaba, mata ta tagar baya. Da yake ni kaɗai ce mace a ɗakin, duk fitsarin masu awon ciki sai ya dawo hannuna. Aikin ba wuya. In tsoma tsinken gwaji, in duba launi. In ya tsaya ruwan ɗorawa, lafiya lau. In ya juya kore, akwai furotin, shi kuwa furotin a fitsarin mai ciki shi ke riga jijjiga isowa, ciwon nan da ke tafiya da uwa ko ɗan cikinta.

Matanmu na Daura ba sa yarda su yi fitsari a asibiti. Bayan gidan babu ruwa, ga tsoron ya fallatsa a zani, ga azahar na tafe. Daga gida suke tahowa da shi a kwalbar maganin tari, an ƙulle a leda an ɓoye cikin hijabi. To wace mace ce za ta miƙa wa baƙuwa najasa a kwalba mai datti? Sai ta dirje ta da omo, ta ɗauraye sama-sama.

Na daɗe ina ganin kore ba ƙaƙƙautawa. Na zargi tsinkayen, na zargi mai sito da ba mu waɗanda suka lalace, har muka daina gaisawa. Sai wata rana na wanke kwalba da omo, na zuba ruwa zalla, na tsoma tsinke. Ya juya kore a gabana. Ashe tsaftarsu ce take yi mini ƙarya.

Daga ranar ban ƙara yarda da kwalbar kowa ba. Ina girgizawa, ina shinshinawa, ina kallon idon mai ita. Na tanadi kwalabe nawa, ina dafa su ina ɗauraye su da tataccen ruwa. Akwai kuma hanyar raba gardama: a dafa fitsarin a bututun gilashi, a ɗiga masa asid. In ya yi fari ya ƙi washewa, furotin ɗin gaske ne, ba ruwan omo a ciki. Amma wannan yana cin lokaci, ranar awo kuwa layi har gindin dalbejiya yake kaiwa.

A irin wannan rana wata yarinya mai cikin fari ta zo daga wani ƙauye bayan garin Babban Mutum, tare da mahaifiyarta. Na girgiza kwalbarta, kumfa ta taso ta ƙi kwanciya. Na tsoma tsinke, ya yi kore shar. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Ke, da me kika wanke kwalbar nan?"

Ta sunkuyar da kai. Uwar ce ta amsa. "Malama, ni na wanke ta. Da omo ne, amma wallahi sau bakwai na ɗauraye."

Na ce, "Iya, kowa sau bakwai yake cewa. Ga kumfa nan tana ƙaryata ku."

"Allah ya ba ki haƙuri, 'yata. Kanta ne ke ciwo tun shekaranjiya, shi ya sa muka taho."

Na ji, amma ban saurara ba. Na miƙa musu kwalba tawa, na ce ta shiga bayan gida yanzu. Yarinyar ta leƙa ta dawo, ta ce babu ruwa, kuma ma ba ta jin fitsari. Wannan ma na ɗauke shi wayo ne. Na ce to su je su dawo da shi gobe. Ban rubuta komai a katinta ba, kuma katin da ba sakamako ba ya wucewa wurin nas mai awon jini. Haka suka juya. Na ga ƙafafun yarinyar sun kumbura sun cika silifas, na ce a raina ai tafiyar mota ce.

Abin da ke ci mini rai har yau, na san furotin ma yana sa kumfa. An koya mana, na rubuta a jarrabawa. Fitilar dafawa tana nan a gefen hannuna. Minti biyar ya isa.

Ba su dawo washegari ba. Daga ƙauyensu sai an hau babur kafin a sami mota, damina kuma ta yanke hanya. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, aka sauke yarinyar daga bayan a-kori-kura tana jijjiga, ta tauna harshe. Nas ta aiko mini da fitsarin da aka ɗebo ta robar da aka zura mata, babu kwalbar kowa a tsakani. Na dafa, na ɗiga asid. Ya daskare fari kamar dafaffen ƙwai.

An ceto ta. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba.

Na yi kwana biyu ina kewaye ɗakin haihuwa don kada mu haɗu. A na uku, uwar da kanta ta zo tagar baya. Na miƙe, ina jiran abin da na cancanta. Ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta tambayi gida.

Sannan ta ce, "Malama, na zo ki yafe mini ne. Kin faɗa mana gaskiya. Da ban sa omon nan ba, da kin gano ciwon tun ranar. Ni na jawo wa 'yata."

Na buɗe baki. Mata suna jira a bayanta, kowa da ledarta.

Na ce, "Iya, Allah ya ba ku haƙuri."

Ta ce amin, ta tafi da laifin a kanta, ni kuma na ƙyale ta ta tafi da shi.