Ranar da Tsohuwar Kwamfutar Kawu Ta Ce Akwai

Shekarar da na gama karatun kwamfuta, kullum sai in hau babur daga Yashe zuwa Kankia, shagon kawuna inda ake buga wa mutane takardu. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungu da ba mai taɓa ta. Na ce zan sa mata manhajar aika wasiƙu ta intanet. Kawu ya ce, "Bismilla, in dai ba za ta kama da wuta ba."

Manhajar ba a haɗe ta zo ba, kai za ka harhaɗa abinka. Kafin nan akwai wani ɗan shiri da ke binciken na'urar, yana jero tambayoyi: akwai kaza? Akwai kaza? Amsa na ta fitowa, akwai, akwai. Sai ya iso kan wani aiki na cikin kwamfutar da ke karɓar sunan inda za a aika ya nemo adireshinsa na lambobi, wanda in babu shi wasiƙa ba ta san inda za ta ba. Nan ya ce babu, ya tsaya cak.

Kwana uku muna haka. Abin haushin, na san aikin yana ciki. Rana ta huɗu bayan azahar na buɗe rumbun cikin kwamfutar da ake ajiye irinsa, na ƙura ido. Ga shi nan! Sai dai an sa wa sunansa 'yan zane biyu a gaba, shirin kuwa da sunan zalla yake nema. Na nuna masa fayil ɗin da ke haɗa sunayen biyu, na sake kunnawa.

Akwai!

Ban san na yi ihu ba sai da na ga wata malamar firamare da ke jiran takardarta ta zabura ta yi ƙofa. Ina tsalle, takalmi ƙafa ɗaya.

"Kai yaro, lafiya?" in ji Kawu.

"Kawu, ta gan shi! Ta ce akwai!"

"Mi ta gani?"

Na yi bayani ina haki, bai gane ko kalma ba, amma dariya ta kama shi har da riƙe ciki. Ya ce in sake ya gani. Sau uku muka sake, duk sanda ta ce akwai sai mu tafa, har da malamar.

Kafin la'asar manhajar ta haɗu. Kawu ya ja kujera, ya gyara hula, ya ce in rubuta wa 'yarsa da ke karatu a Zariya. Gaisuwa kaɗai ta ci layi goma sha biyu.