Igiyar da Autata Ta Rataye

A ƙauyenmu, nan gefen Sinnar a ƙasar Sudan, idan mace ta yi ƙiba cewa ake ta samu hutu. Ni kam na samu har ya yi mini yawa. Tun da na daina zuwa hawasha, wato gona, tsinkar auduga, ba ni da aiki sai zaman jabana da maƙwabta, ana zuba gahawa ina loda sukari. Sai gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba. Ranar da na yi sujada na kasa tashi sai da aka kama ni, daga ranar na koma salla a kan kujera. Wallahi abin ya ci mini rai. Kakannina da ƙafa suka taho daga yamma suna nufin Makka, ni ga shi goshina ya kasa kai ƙasa a cikin ɗakina.

Autata, mai karatun jinya a birnin Madani, ta zo hutu ta tarar da ni a kujerar. Ta ɗauko ragowar igiyar da aka saƙa gadona da ita, ta ce in jingina da bango. Ta auna ni daga ƙafa har ka, ta yanke, ta ninka biyu, ta zagaya mini ciki da ita. Bakin igiyar ya ƙi haɗuwa, saura fiye da taƙi guda.

"Inna," in ji ta, "bai kamata cikin mutum ya wuce rabin tsayinsa ba. Wannan rarar ce ke danne miki gwiwa."

"Ke, tafi can! Ni za ki auna kamar buhun dawa? Ubanki bai taɓa ƙorafi ba."

"Ai ba Baba ke ɗauke da ke ba, Inna."

Na wuni ban kula ta ba. Da za ta koma, ja'irar ta rataye igiyar a ƙusa daidai inda nake salla.

Na rage sukari ina tsaki. Asidar dare, tuwonmu na nan, na raba ta biyu. Kullum da yamma in bi bakin tura'a, magudanar ruwan gonaki, ina haki, mata suna yi mini tsiya: "Hajiya, ko dai maigida ya rage cefane ne?" In ce su ji da nasu. Lokaci-lokaci in rufe ƙofa in gwada igiyar, wani sa'in ta matso, wani sa'in in jefar da ita don haushi, in koma in ɗauko.

Wata la'asar na ture kujerar gefe, na ce ko na kasa tashi a zo a ɗaga ni. Goshina ya taɓa darduma. Na daɗe a nan ina kuka, ina yi wa yarinyar nan addu'a. Kuma da kaina na miƙe.

Da na kira ta a waya, tambayarta ta farko ita ce ko igiyar ta haɗu.

"Ina! Har yanzu da saura," na ce. "Amma kujerar na mayar da ita zaure, baƙi su zauna. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."